Muryarta a Majigi, Fuskarta a Ɗaki

Mai girma shugaban ƙauyenmu kuma shugaban wannan taro, Kumagai-san. Mai girma shugaban makaranta, Malam Chida. Shugaban ƙungiyar manoma da dattawan da suka kewaye murhu. Baƙonmu na Tokyo, Shibasaki-san, wakilin kamfanin fim, wanda ya keto dusar ƙanƙara da takalmin birni don ya zo gare mu. Masu gidajen Kuzusawa, na kan tudu da na bakin rafi. 'Yan'uwana mata da ke durƙushe can baya wajen takalma, inda sanyi ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ina gaishe ku duka, babba da yaro, gaisuwar girma da ta zumunci.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni dama in tsaya a nan da sunan ƙungiyar mata, alhali taron masu gida ne, kuma na ga waɗanda tun da na miƙe suka fara gyara zama kamar an ce musu za a cire haƙori. Ina godiya ga samarin da suka share mana hanya tun da safe. Ina kuma godiya ga Shibasaki-san, domin bai yi mana kwana-kwana ba. Ya ce kamfaninsu na son dawowa lokacin dashe ya ɗauki fim na uku a gonakinmu. Ya ce za su sake wa makaranta rufi. Ya ce sharaɗin shi ne dai na da, wato ranar da za a ɗauki hoton dashen shinkafa, mutanen bakin rafi su zauna a gidajensu. Wanda ya faɗa maka magana a fili ya mutunta ka, ni ma kuwa zan rama masa da irin mutuncin da ya yi mana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Saboda baƙonmu, sunana Onodera Fuki. Na faɗa ne don ku ma ku tuna, domin rabon da wani a ƙauyen nan ya kira ni da shi tun kafin fim na farko. Yanzu Inna Tsawa nake a kasuwa, Inna Tsawa nake a ofishin gidan waya, har jikokina in na hana su abu sai su ce hadari ya taso.

Magana ta farko, ni ba ni da faɗa da dariya, kada wani ya fita daga nan ya ce Fuki ta zo ta hana mutane dariya. Kun san yadda aka haifi fim ɗin nan. Daraktansu ya sauka a gidanmu yana neman labari, ya kwana biyu bai samu ba, sai wata safiya ya ga na biyo mijina da ludayi tun daga rumbun bambaro, inda na iske shi yana sharar barci rana tsaka, har bakin rijiya. Shi ke nan, aka sami Inna Tsawa da Baba Barci da 'ya'yansu tara. Genzo mijina, kada ka sunkuyar da kai, kowa ya san kai ne. Ranar da aka kafa majigi a filin makaranta, da Baba Barci ya zurma cikin rijiya, na yi dariya har hawaye. Genzo ya juyo ya ce, “Ni dai ban taɓa faɗawa rijiya ba.” Na ce masa, “Saura.”

Mun sha kuka a ƙauyen nan. Mun raka samari tashar jirgi da tuta za su yaƙi, aka dawo mana da akwatunan da ba nauyi a cikinsu. Mutanen da suka ga wannan sun cancanci su yi dariya, kuma wanda ya sa su dariya ya yi musu alheri. Ɗana na uku yana aikin masana'anta a Tokyo, ya ce duk ranar da kewar gida ta taso masa, silima yake shiga don ya ga dutsenmu a bayan 'yan wasa. Ya ce abokan aikinsa, waɗanda ba su taɓa taka laka ba, in suna son su san yadda ƙauye yake, fim ɗin nan suke kallo. To a nan ne wasan ya daina zama wasa kawai. Mutumin birni ba zai zo Kuzusawa ba. Abin da ya gani a kan farin ƙyallen nan, shi ne mu a wurinsa. Wanda aka nuna masa, akwai shi. Wanda aka ɓoye masa, babu shi. Wanda kuwa aka nuna masa a matsayin ɓarawo, har abada hannunsa na kan aljihu in ya gamu da irinsa.

Magana ta biyu ita ce ta waɗanda aka fitar daga hoto. A fim, kowane gida da uba. A Kuzusawa, ku duba sahun nan na gaba ku ga mata nawa ne suke zaune a matsayin masu gida, domin mazajensu ba su dawo ba. Su suke riƙe garma bayan doki, amma a fim ba a ga mace ɗaya da garma ba. Toraji-san, da ya dawo da ƙafar katako, shi yake jefa mana damin dashe daga kan kunya, kuma bai taɓa jefawa ya kuskure ba. Ranar ɗaukar hoto aka ce ya ɗan matsa, wai zai sa masu kallo baƙin ciki. Ya matsa. Tsofaffinmu da bayansu ya lanƙwashe aka ce su ɗan matsa, suka matsa. Duk wannan mun haɗiye, mun ce baƙo ne, bai san gari ba.

Amma akwai wadda ba matsawa aka ce ta yi ba, cewa aka yi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ina nufin Pyon Kumsun, ƙanwata ta zaman tare, wadda take zaune can ƙarshen sahu, jikin ƙofa. Kumsun, ki yi haƙuri, na san kin ce kada in ambaci sunanki. Na ji, amma ban ce na yarda ba.

Matasa ba su san yadda ta zo ba, bari in faɗa musu. Lokacin yaƙi aka kawo mazan bakin rafi daga Koriya haƙar tagulla a cikin dutsen nan. Ta biyo mijinta tana amarya, ba ta jin ko gaisuwarmu. Ramin ya cinye masa ƙirji, muka binne shi a kan tudun nan, kusa da namu. Ramin ya rufe, gidajen bakin rafi suka koma noma, suka shiga gayyar dashe kamar kowa: yau a gonarka, gobe a gonata, har a gama da gonar ƙarshe, a wanke ƙafa a ci tare. Tun daga lokacin ba gonar da ke ƙauyen nan da ba ta san tafin ƙafar Kumsun ba, ba kuma matsattsakun da bai san jininta ba.

Kun san layin dashe ba ya tafiya sai da mai ba da waƙa. Ita ke tsaye kan kunya da jar ɗamara, tana buga sandunan gora biyu, ta bayar mu amsa, hannu ya bi waƙa, ƙafa ta bi hannu. Wadda ta yi nawa kuwa, a cikin waƙar za ta ji sunanta, da sunan mijinta, da abin da ya hana ta barci jiya. Surukata, marigayiya Iya Shige, ita ta riƙe ɗamarar nan tun tana budurwa. Da muryarta ta fara rawa, kowa ya ɗauka ni za ta ɗaura wa, tunda ni ce matar ɗanta. Ta dube ni ta ce, “Ke Fuki, muryarki ta korar hankaki ce, je ki tsaya tsakiyar gona lokacin girbi.” Sai ta kira Kumsun.

Da yawanku kuna wurin. Mu muna goyon kaya a baya, mu tafi a sunkuye. Su kuwa matan bakin rafi a ka suke ɗauka. Iya Shige ta daɗe tana kallon yadda Kumsun ke bin kunya da kwandon dashe a ka, wuya a miƙe, ƙirji a buɗe, hannu biyu ba komai, tana rera abin da ta tsinta a bakin tsohuwa, muryar na kaiwa har gonar ƙarshe. Ta ce ga hannun bugun gora, ga maƙogwaron jan layi. Ta ɗaura mata ɗamara a gaban kowa. Wani dattijo, ba zan kira sunansa ba domin ya riga mu gidan gaskiya, ya ce, “Haba Shige, 'yar Koriya?” Tsohuwa ta ce, “Shinkafa ta tambaye ka garin mai waƙa? In ta tambaya, ka turo ta wurina.”

Shekara da shekaru Kumsun tana jan layinmu. Ni kaina na sha jin sunana. Ta taɓa rera cewa kunkuru ya wuce Fuki har ya juyo yana tambayar ko lafiya.

Sai fim ya zo. Darakta ya ji waƙar nan a gonarmu, ya tsaya kamar an dasa shi. Washegari aka shigar da Kumsun rumbunmu, aka rataye barguna, aka kafa mata na'urar naɗar murya, ta rera tun daga farko har ƙarshe. Ta fito tana murna, ta ce mini, “Yaya, gobe wace riga zan sa?” Da yamma saƙo ya zo daga ofishin ƙauye cewa gobe mutanen bakin rafi su zauna a gida. Dalili kuwa, darakta ya ga mata da kaya a ka, ya ce wannan ba ƙauyen Japan ba ne, masu kallo za su rikice. Aka kuma aiko a ari jar ɗamara. Ta bayar, har ta goge ta kafin ta bayar.

Ranar majigi ina zaune kusa da ita a kan tabarma ɗaya. Aka zo wurin dashe. Ga gonata, ga dutsenmu, ga jar ɗamarar Iya Shige a jikin wata kyakkyawar yarinyar Tokyo, yarinyar ta buɗe baki, sai muryar Kumsun ta fito. Yara suka ɗau ihu, “Inna Kumsun ce! Muryar Inna Kumsun ce!” Suna waige-waige suna nemanta a cikin hoton. Ba ta ciki. Na dube ta, sai ta yi murmushi ta ce, “To ai ta fi ni hanci, Yaya.” Na ji an ce waƙar nan har a rediyo an sa ta, an ce yarinyar ta yi suna da ita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk da haka, da aka maido ɗamara Kumsun ta ɗaura, ta ja mana layi kamar kullum.

Magana ta uku ita ce ta wanda aka shigar cikin hoto. Domin a fim na biyu, Shibasaki-san, kamfaninku ya tuna cewa akwai mutane a bakin rafi. Kuka ɗauko ɗan wasa daga Tokyo, kuka rataya masa tafarnuwa a wuya, kuka karya masa harshe, kuka gina masa bukka daidai inda gidajen maƙwabtanmu suke, kuka ba shi aiki ɗaya: satar kaji. Inna Tsawa ta bi shi da ludayi, ya faɗa rafi, kaza a cikin rigarsa. Fili ya ɗauki dariya. Ludayin nan nawa ne, jama'a. Da sunana aka kore shi, da fuskar da duk ƙasar nan ta san ta tawa ce. Ni kuwa tun da nake ban taɓa ɗaga ludayi a kan kowa ba sai Genzo, shi ma don shi ya jawo wa kansa ne. A daren nan ban jira ƙarshe ba, na kama hannun Kumsun muka fita. Hannun kamar ƙanƙara.

Ina tambayar dattawa, a gaban baƙonmu: tun da aka kafa gidajen bakin rafi, an taɓa kama ɗayansu da kazar wani? Ku faɗa, ina saurare. Babu. Kajin Kuzusawa dila ke ɗauka, kowa ya sani. Amma Malam Chida yana nan, ya faɗa in ƙarya nake: bayan majigin nan, 'yar autar Kumsun ta shiga aji, yara suka fara kukan kaza. Yaran da ta taso tare da su. Yaran da uwarta ta yi wa iyayensu dashe. Ba su ƙirƙiro abin ba, gani suka yi manya sun yi dariya.

Shibasaki-san ya ce mana ɗazu wasa ne kawai, kowa an taɓa shi, har ni da mijina. Gaskiya ne, an taɓa mu. Amma akwai bambanci, ranka ya daɗe. Baba Barci rago ne, amma a ƙarshen fim yana zaune a kan tabarma, 'ya'yansa kewaye da shi, ana zuba masa shinkafa. An yi dariya da shi, an kuma so shi. Mutumin bakin rafi ba shi da tabarma, ba shi da 'ya'ya, ba shi da suna ma. Ya shigo ya yi sata, ya faɗa ruwa, ya ɓace. Wanda aka yi dariya da shi ana cin abinci tare, ɗan gida ne. Wanda aka yi wa dariya yana waje, an rufe masa ƙofa, wannan ba ɗan gida ba ne, kuma ya sani.

Washegarin majigin fim na biyu na buɗe ƙofa na iske jar ɗamara a ninke a kan dakalina. Ga ta nan, tun ranar tana wurina.

Kun ga dashen bara. Kumsun ta zo, domin ba ta taɓa cin hakkin gayya ba. Ta shiga laka can ƙarshen layi, ta sunkuya, ba ta ɗaga kai ba har yamma. Ba waƙa, ba bugun gora, ba wadda aka tsokana. Muka yi dashe kamar masu haƙar kabari. Layuka suka karkace har shugaban ƙungiyar manoma ya tambaya ko giya muka sha. Da aka sauke abinci a kan kunya, matan bakin rafi suka ɗebi nasu suka koma gefe. Kabejin nan nasu mai barkono, wanda Genzo ke ci yana hawaye yana ƙari, bara ba su fito da shi ba. Suna jin kunyar warin tafarnuwa a gabanmu. Mu da muka shekara ashirin muna cinsa.

Yanzu ga abin da ya tashe ni tsaye yau. Kun san jiragen ruwa sun fara kwasar mutanen Koriya daga tashar Niigata zuwa Koriya ta Arewa. Gida biyu na bakin rafi sun riga sun tafi. Kwanan baya na je wurin Kumsun da rana, na iske ta tana ware tukwane, wasu nan wasu can. Na ce, “Ke, me nake gani haka?” Ta ce, “Ina duba wanda zai shiga akwati ne.” Na ce, “Wa kika sani a can?” Ta ce, “Ko kare ban sani ba. Garinmu ma a kudu yake, jirgin kuwa arewa za shi.” Na ce, “To haukar me ce wannan? Mijinki na kan tudu, 'ya'yanki nan aka yanke musu cibi.” Sai ta ce, “Yaya, can dai ba wanda zai aiko a ce in shiga ɗaki in rufe ƙofa. Na ji masu fim za su dawo. In bana ma aka ce in ɓuya, zan je in ba da sunana. Na ɓuya sau biyu, ba zan yi na uku a gaban 'yata ba.”

To kun ji abin da ke kan tabarma. Hannun da za ku ɗaga yau ba na fim ba ne kaɗai, ba na rufi ba ne kaɗai. Idan kuka karɓi sharaɗin nan, Kumsun za ta hau jirgi zuwa ƙasar da ba ta san kowa ba, ta bar kabarin mijinta ga ciyawa, waƙar Iya Shige kuma ta rage sai a bakin yarinyar Tokyo. Ni na ce ba zai yiwu ba, kuma ba zan gaji da faɗa ba.

Magana ta huɗu, rufin makaranta. Malam Chida, na ga fuskarka, kuma ban ga laifinka ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jikokina huɗu suna ajin nan da ake jera bokitai in ana ruwa, ba sai an ba ni labari ba. Ina son rufin nan kamar yadda kake sonsa. Amma ka gaya mini abin da za ka koyar a ƙarƙashinsa. Za ka tsaya gaban yara ka ce dukanku ɗaya ne, alhali sun san da me aka sayi kwanon da ke bisa kansu? Kafin a san kamfanin fim, wa ya gina makarantar? Mu muka sari itace a dutse, mu muka ja shi a kan ƙanƙara, mazan bakin rafi suka fasa duwatsun harsashi domin su suka san dutse. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannuwan da suka ɗauka a da ba su mutu ba. In kamfani ya tafi da kwanonsa, ƙungiyar mata ta ɗauki alkawarin ciyar da masu aiki har a gama, ko da shekara biyu za a yi ana lallaɓawa.

Shibasaki-san, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba korarku muke yi ba. Ku zo, muna marhabin. Ku sa Inna Tsawa ta bi Baba Barci har cikin kogi, in kuna son sababbin dabaru ku zo gidana, Genzo bai daina ba. Abin da muke nema abu biyu ne. Na ɗaya, ɓarawon kajin nan ya mutu, kada ya sake tashi. In labari na bukatar mutumin bakin rafi, ku ba shi suna, ku ba shi gida, ku zaunar da shi a tabarmar Inna Tsawa ya ci ya yi santi a yi dariya da shi, kamar yadda ake yi a gidana. Na biyu, ku ɗauki layin dashe yadda yake: da gwaurayen yaƙi, da ƙafar katakon Toraji-san, da tsofaffi masu lanƙwasasshen baya, da mata masu kaya a ka, da mai waƙarmu a kan kunya, muryarta na fita daga bakinta. Kun ce masu kallo za su rikice. Ku bar su su rikice na ɗan lokaci, ba ciwo ba ne. Su ma suna da maƙwabta irin namu a bayan layinsu, wataƙila su koma gida su gaishe su. Kun ce wannan ba ƙauyen Japan ba ne. To ƙauyen ina ne? Nan ake biyan haraji, nan aka ɗebi samari. Mu ba mu da wani ƙauye a ajiye wanda ya fi wannan kama da Japan.

Dattawa, baƙo raɓa ne. Rana na fitowa zai ɗauke kyamararsa ya hau jirgi. Mu za mu rage, mu da wanda muka ce ya ɓuya, a kan kunya ɗaya, muna jiran ruwa ɗaya. Kuma wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya shafa wa nasa ruwa. Shekaranjiya Toraji aka ce ya matsa, jiya Kumsun aka ce ta ɓuya. Gobe za a ce harshenmu na arewa ya yi nauyi, fuskokinmu sun yi baƙi, a kawo mutanen ƙauye daga Tokyo a cikin mota, mu kuma mu leƙa ta taga muna kallon ana noma gonakinmu.

Na san a taron nan masu gida ke ɗaga hannu, yawancinmu mata ba mu da hannu a nan. Ba komai. Ku kuna da hannu, mu muna da baya, kuma dashe da baya ake yinsa. Ƙungiyar mata ta zauna, ta kuma aiko ni in faɗa: idan aka rufe ƙofa ɗaya a bakin rafi ranar ɗaukar hoto, duk ƙofofin Kuzusawa a rufe za su wuni. Ba macen da za ta shiga laka. Kamfani ya ɗauki hoton kwaɗi, ko kuma dattawa su naɗe wando su shiga, mu ga wanda zai iya miƙewa da yamma. Kada a ce Fuki ce kaɗai da bakinta. 'Yan'uwana, duk wadda ke kan maganar nan, ta tashi tsaye.

Shugaba, ka duba da kyau. Shibasaki-san, juyo ka gani, wannan ma hoto ne. Har matar shugaba. Iya Tsuru, ke zauna, gwiwarki, mun gani, mun ƙirga da ke. Genzo, ba a fara ƙuri'a ba tukuna, sauke hannunka. A'a, bar shi. Bar shi a sama, yau ka farka da wuri.

Saura abu ɗaya. Kumsun, ga ɗamararki. Ba zan kawo miki ba. A ɓoye kika ajiye ta a dakalina, ba za ta koma a ɓoye ba. Iya Shige a gaban jama'a ta ɗaura miki, a gaban jama'a za ki karɓa, nan gaba, kusa da murhu, inda baƙonmu zai ga fuskar da muryar nan ke fitowa daga cikinta. Ba dole. In zuciyarki ta riga ta hau jirgi, ni zan ɗaure miki akwati, in raka ki Niigata, in yi kuka a can. Amma ki dubi matan nan da ke tsaye kafin ki ba ni amsa.

Ku buɗe mata hanya. Toraji-san, ɗan ja ƙafar. Ku buɗe mata, na ce.

Juya in ɗaure miki. Kin rame, ƙanwata, ɗamarar har ta yi miki yawa.

Jama'a, ta ce ita ba ta iya jawabi ba, in faɗa muku a madadinta. Wai ku gaya wa matanku su fara gyara bayansu tun yanzu. Wai ta ga layukan da aka yi bara, kuma duk wadda ta karkace mata layi bana za ta ji sunanta tun daga gonar farko har ta ƙarshe, ta kuma ce da ni za ta fara.

Ina roƙon abin bautarmu mai tsaron gonakinmu, wanda ke saukowa daga dutse idan ƙanƙara ta narke, ya sauko bana ya iske layinmu a cike. Kakanninmu da ke kwance a kan tudu, na wannan ƙasa da na ƙetaren teku, su sa mana albarka, su kwanta da sanyin zuciya. Waɗanda suka riga suka hau jirgi, su sami alheri inda suka sauka. Shugabanmu da dattawa su ɗaga hannun da ba za su ji kunyarsa ba gobe. Yaran makaranta su sami rufin da ba ya yoyo, ko daga ina ya zo. Baƙonmu ya koma gida lafiya, ya faɗi abin da ya gani, ya dawo mana da kyamara mai faɗin da za ta ɗauke mu duka. Ruwa ya ishi gonar tudu, ya ishi gonar rafi, mu ga girbi lafiya, mu yi dariya tare.

Na gode.